Wuni guda a kan tudun murjani a Bahar Maliya

Bahaushe ya san su a matsayin sana'a. Daga Yawuri zuwa Baga, wanda ya shiga ruwa da koma ko taru, abincin iyalinsa ya je nema. Shi ya sa idan aka ce masa akwai masu ɗaukar hayar jirgi, su biya kuɗin da ya ninka darajar kifin da za su kamo don nishaɗi kawai, sai ya ɗauka wasan Turawa ne. To amma wannan ɗabi'a ta daɗe da zama hanyar samun kuɗi a garuruwan bakin teku, kuma akwai abin lura a cikinta. Na samu damar ganin haka a birnin Port Sudan, a wani watan Fabrairu kafin yaƙin da ya ɓarke a ƙasar cikin Afrilun 2023.

Wannan gaɓa ba baƙuwa ba ce ga kakanninmu. Kimanin kilomita 60 kudu da birnin akwai tsohuwar tashar Suwakin, inda alhazan ƙasar Hausa da suka keto Chadi da Darfur da ƙafa suke jiran jirgin da zai tsallakar da su Jidda. Wasunsu guzuri ya ƙare musu suka zauna, jikokinsu suna nan har yau. Da dutsen murjani aka gina gidajen Suwakin, kuma murjanin da ya ƙuntata mashigarta yana cikin dalilan da suka sa Turawan Ingila suka fara gina Port Sudan a 1905, domin manyan jirage su samu wurin tsayawa.

Mu huɗu ne, dukkanmu malaman jami'a, muka yi karo-karo muka ɗauki hayar wani ƙaramin jirgi mai inji a baya. Mai jirgin dattijo ne ɗan ƙabilar Beja, marar yawan magana. Yaronsa kuwa saurayi ne Bahaushe haifaffen garin, wanda Hausarsa ta sha Larabci, shi ya zama tafintanmu. Muka tashi bayan sallar asuba. Kayan aikin ba su da yawa: zaren roba naɗe a jikin katako, ƙugiyoyi, dalma, akwatin ƙanƙara, da bokitin ƙananan kifaye na koto. A kan hanya dattijon ya nuna mana wurin da jirgin Italiya mai suna Umbria yake kwance, wanda matuƙansa suka nutsar da shi da gangan a Yunin 1940 don kada bama-baman da ya ɗauko su faɗa hannun Ingila.

Bayan tafiyar kusan sa'a biyu, duwatsun da ke bayan gari suka koma kamar hayaƙi. Ruwan da muke ketawa shuɗi ne mai duhu kamar baba a marina, sai kwatsam ya koma kore mai haske, ƙasa ta bayyana ƙarƙashinmu. Mun iso tudun murjani. Wanda ya saba da jan ruwan gulbi ba zai yarda cewa ana iya hango kifi a zurfin da ya kai tsayin bene mai hawa uku ba, sai ya gani da idonsa. Dalilin wannan tsabta shi ne babu wani kogi mai gudana duk shekara da ke zuba a Bahar Maliya, balle ya kawo laka. Ga zafin rana yana ƙafar da ruwan, har gishirinsa ya kai kusan giram 40 a kowace lita, alhali matsakaicin na sauran tekuna 35 ne.

Abin da ido ke ɗauka dutse ne, a haƙiƙa gini ne na wasu ƙananan halittu masu rai. Kowace ɗaya tana fitar da ɓawon alli ta zauna a ciki, idan ta mutu 'ya'yanta su ɗora nasu a kai, a haka tudun ke tashi cikin dubban shekaru. A jikinsu akwai wata irin gansakuka da ke sarrafa hasken rana ta ciyar da su, ita ce kuma ke ba su launi. Idan ruwa ya yi zafi fiye da yadda suka saba na tsawon makonni, sai su kore ta, su yi fari fat, in abin ya daɗe su mutu. Irin waɗannan tuddai ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku a jikinsu suke rayuwa.

Dattijon bai yarda a jefa anka ko'ina ba. Sai da ya yi ta kewaye, yaron yana leƙe daga goshin jirgi, har suka samu fili mai yashi. Na tambayi dalili, yaron ya ce, "Malam, ƙarfen nan in ya faɗa kan murjani, abin da zai karya yau ni ba zan ga ya dawo ba." Muka tsaya daidai bakin tudun, inda ƙasa ke yankewa ta gangara cikin duhu, domin a nan manyan kifaye ke farauta.

Fatsa a teku aikin yatsa ce. Za ka soka koto, ka saki zare har dalma ta taɓa ƙasa, ka ɗan ɗago ta, sannan ka ɗora zaren a kan manuniya ka saurara. Ƙaramin kifi tsattsaga yake yi kamar kaza, babba kuwa fizga ɗaya yake yi. Idan ya fizga, dole ka ja nan take, domin kifin murjani da ya ji ƙugiya rami yake nufa, in ya shige kuwa kaifin dutse zai yanke zaren. Kafin hantsi mun kamo wanda suke kira sha'ur da wanda suke kira bayad. Sannan ɗaya daga cikinmu ya jawo najil, ja mai ɗigo-ɗigon shuɗi, wanda ya fi kowane daraja a kasuwa har ana fitar da shi Saudiyya. Wani abokin namu ya yi ta fama da wani mai nauyi, zaren ya yi sakwaf, ya jawo kai babu gangar jiki. Kifin shak ya riga shi. Dattijon ya yi murmushinsa na farko, ya ce mai gida ya karɓi zakkarsa.

Akwai abin da ya rage mana dariya. Kifin da aka jawo da sauri daga zurfi yakan fito idanu a waje, tumbinsa ya leƙo ta baki. A cikinsa akwai jakar iska, kuma kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara nauyin da ke danne ta. Da an ɗago shi sai iskar ta kumbura. Irin wannan ko an mayar da shi ruwa, sau da yawa ba ya iya nutsewa, sai ya yi ta yawo a sama har tsuntsu ko shak ya ɗauke shi. Ke nan mai cewa zai kama ya saki don wasa, ba kullum yake sakin rai ba.

Muka yi sallar azahar a cikin jirgi. Muna idarwa dattijon ya fara naɗe zare. Akwatin bai cika ba, kifi kuma bai daina ci ba. Ɗaya daga cikinmu ya nuna rashin jin daɗi, ya ce kuɗin wuni muka biya. Dattijon ya amsa, yaron ya fassara: "Ya ce, ya ustaz, kun biya kuɗin jirgi da mai da wuninsa, amma ba ku biya kuɗin teku ba. Abin da ke cikin akwatin nan ya ishe ku ku da maƙwabtanku." Ya ƙara da cewa a ƙuruciyarsa ba sai an yi wannan nisa ake samun babban najil ba.

Maganar tasa tana da tushe a ilimi. Najil da danginsa sukan taru a wurare sanannu a lokaci sananne don zubar da ƙwai, wanda ya san wurin yana iya kwashe na shekaru cikin kwanaki. Da yawa daga cikin wannan dangi kuma mata suke fara rayuwa, sai sun girma wasu su juye maza. Mai nishaɗi babban kifi yake nema don ya ɗauki hoto, ɗan kasuwa ma shi yake nema don ya fi tsada. Idan aka tsince manyan, an tsince mazan garke ke nan. Baƙon zai koma gida da hotonsa, masuncin da ba shi da wata gona sai wannan tudu shi za a bari da zare a hannu.

A hanyar dawowa ya nuna mana arewa, inda hasumiyar Sanganeb take, kimanin kilomita 25 daga gaɓa. Gwamnatin Sudan ta keɓe wurin a 1990, hukumar UNESCO kuma ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2016. A wannan shekarar ce hukumar ta karrama bikin kamun kifi na Argungu, wanda ƙashin bayansa shi ne hana su a Matan Fada har sai ranar da aka ba da izini. Abin da masana ke kira keɓantaccen yanki, Kabawa sun san shi tun kafin a rubuta shi a takarda. Da Sarkin Ruwa da wannan dattijo, fahimtarsu ɗaya ce: ruwan da ba a ba shi hutu, wata rana shi zai sallami masunta.

Muka iso gari da la'asar, aka soya mana rabin kifin a kasuwar bakin ruwa, muka ci da gurasa da lemon tsami, sauran muka bar wa yaron. Yau yaƙi ya kori masu yawon buɗe ido, birnin ya cika da waɗanda suka gudo daga Khartum, bakunan da ke jiran abin da teku zai bayar sun ƙaru. A irin wannan hali, riƙe hannu yana da wuya ga mai jin yunwa, ba shi da wuya ga mai neman nishaɗi. Duk wanda Allah ya kai shi irin wannan wuri, ya ɗauki abin da zai ci, ya bar babban ya hayayyafa, ya kuma saurari mai jirgi idan ya ce ya isa. Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya.