Gero da Danginsa

A kasuwar hatsi mai awo ya jera kwanuka uku: gero, maiwa, dauro. A wurin manomi kowanne da halinsa. Gero kan nuna cikin kamar wata uku, maiwa sai damina ta ja baya, dauro kuwa dasa shi ake yi. Amma a littafin masana tsirrai duka ukun abu ɗaya ne. Tun 1753 da Linnaeus, mutumin Suwidin, ya kafa tsarin bai wa kowane tsiro suna mai kalma biyu ake ta ƙoƙarin zaunar da kowa a gidansa, ita kuwa shukar gona ba ta zama wuri ɗaya. Iska na kwasar ƙurar fure daga gona zuwa gona, manomi na ware zangarniyar da ta burge shi, iri na sauyawa sannu a hankali. A 2010 ma binciken ƙwayoyin halitta ya sa aka haɗa gero zuriya ɗaya da ƙarangiya. Nakan ga kamar haka muke yi wa junanmu: mu yanke wa mutum hali tun yana yaro, mu riƙe, alhali ya daɗe da zama wani daban.