Kuɗin Shayi da Karatun Ɗiya

Jama'a, in ana zancen yawon buɗe ido, mu mutanen Ƙala'at an-Nahal sai dai mu yi murmushi. Ko a zamanin zaman lafiya, masu zuwa kallon namun daji gandun Dindir suke nufa, wanda aka kafa a 1935, ba safai suke yada zango wurinmu ba. Amma baƙi kam ba mu taɓa rasa su ba: 'yan gudun hijirar Iritiriya da aka zaunar kewayenmu bayan 1967, leburorin yankan riɗi da dawa kowace kaka, direbobin manyan motoci, ga kuma waɗanda yaƙin 2023 ya koro jihar Gadarif. Baƙo kuwa da cikinsa yake tafe, kuma mata ke ciyar da shi.

Mahaifiyarmu a cikin kulle ta yi sana'arta, tana soya gyada mu yara muna kai talla. Yayata kuwa, da noman mijinta ya kasa riƙe gida, sai ta ɗauki kujeru da murhun gawayi ta fita bakin tasha sayar da shayi da jabana. An yi ta tsegumi. Yau ita ke biyan kuɗin magani, kuma maigidan ba ya yanke magana sai ya ce, "Bari uwar yara ta dawo."

Masu wannan sana'a ba a ɓagas suka sami mutunci ba. Tun 1990 Awadiya Mahmud Koko ta haɗa kan masu shayi na Khartum cikin ƙungiya, lokacin da ake kwashe musu kaya a titi, kuma sai a 2019 aka soke dokar da ake muzguna musu da ita.

To, amma ga inda gizo ke saƙar. Fitar uwa ba ta rage aikin gida ba. A gidan yayata, ɗebo ruwa da girki da raino duk sun koma kan babbar ɗiyarta mai shekara 12, ƙannenta maza na can wajen ƙwallo. Sannu a hankali ta daina zuwa aji. Kuɗin makaranta ya samu, mai zuwa makarantar ce babu.

Saboda haka ina roƙon magidanta: tunda mun yarda muna cin gumin matanmu, mu sa yara maza su ɗauki jarka da tsintsiya, mu ma mu kama. Kada uwa ta sami bakin magana da asarar karatun ɗiyarta. Allah ya sa mu gane, amin.