Sha-kaucin Gwagwalada ba honeyeater ba ne

'Yan uwa ɗalibai, musamman masu rubuta furojet a kan tsuntsaye a Jami'ar Abuja. Don Allah ku tsaya ku karanta wannan kafin ku kai wa malami aikinku.

Ɗan tsuntsun nan mai siririn baki lanƙwasasshe da muke gani yana shan ruwan fure, sunansa sha-kauci a Hausa. Sau biyu ina ganin an rubuta masa honeyeater a jerin tsuntsayen Gwagwalada, don an ga hoto mai kama da shi a intanet. Wallahi ba shi ba ne. Honeyeater dangin Meliphagidae ne, gidansu Ostareliya da Niugini da tsibiran da ke kewaye, babu ko ɗaya a dajin Najeriya. Namu dangin Nectariniidae ne, Turawa na ce masa sunbird. Abinci ɗaya ne ya sa kamanninsu suka zo ɗaya, amma kama da wane ba ta wane.

Ni dai in na ga ɗaya, namijin nake fara dubawa, don matan yawanci launinsu a dushe yake, rarrabe su sai gwani. In baƙi ne, ƙirjinsa ja wur, goshinsa kore mai sheƙi, to Chalcomitra senegalensis ne, wanda Linnaeus ya bayyana tun 1766. In kore ne mai dogon bindi, ga ja a ƙirji da rawaya a gefe, Cinnyris pulchellus ke nan. In bakin gajere ne, ciki rawaya, bindi zalalo, Hedydipna platura ne. Sai in rubuta rana da wuri da bishiyar da na same shi, sannan in duba littafin Borrow da Demey na tsuntsayen Afirka ta Yamma.

Abin da ya fi damuna, kakanninmu ba su da madubin hangen nesa, amma sun lura tsuntsun yana bin furen kaucin da ke fita a kan ɗorawa da kaɗanya, suka raɗa masa sunan da ya dace. Mu kuma da waya a hannu muna ɗauko sunan tsuntsun wata nahiya. Kuskure ɗaya a furojet, na bayanmu su kwafa, ya zama gado.

Mai son koyo da gaske, akwai cibiyar APLORI a dajin Amurum kusa da Jos, aikinsu ke nan. Ku kuma, me ake kiran tsuntsun nan a garinku? Ku rubuto min a ƙasa, ina tarawa.