Kwaɗon da na tarar a Umdurman

Duk mai kukan zafin Sakkwato, to ya leƙa Kartum a watan Mayu ya ga yayan zafi. Tun da hantsi rana take ƙwallewa, ma'auni ya haura digiri 40, iska kuwa sai ka ce daga bakin murhu take fitowa. A irin wannan bazara na sauka garin a 2022, bayan ƙaramar sallah, na je saro humra, dilka, icen sandal da laffaya, sana'ar da na gada wajen mahaifiyata. Ita a can aka haife ta, aure ne ya kawo ta Kano.

Masaukina gidan kawuna ne a Umdurman. Daga Kartum sai an haye gadar Farin Nilu, kuma daga kan gadar ana hango Mugran, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke gamuwa, kowanne da launin ruwansa kafin su gauraye. Can gaba ga tsibirin Tuti kore shar, manomansa na noman kayan lambu a tsakiyar birni.

Bahaushe ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Hanyar Makka ce ta fara kawo mu, wasu suka wuce, wasu guzuri ya ƙare suka zauna. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya iso da jama'arsa, har yau ga garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, wasu suka ƙaru. Sudawa na kiranmu Fallata ko Takari. Kakata tana 'yar yarinya ta bi iyayenta wannan hanya, kuma har ta tsufa ba ta yarda cewa an ci abinci ba in babu tuwo.

A nan rigimar gidan take. Da rana ana haɗa komai a babban tire, siniya suke ce masa, kowa ya sa hannu. Amma a gidan Kawu tiren ya kusa rabuwa gida uku. Kaka babu haƙora, kisra kuma, wannan siririyar wainar dawa mai tsami, ta ce takarda ce. Likita ya hana Kawu soye-soye saboda hawan jini. Yara kuwa, waɗanda za ka yi musu Hausa su amsa da Larabci, ba sa kallon miyar kuka, su dai a ba su kuɗi su je wajen mai agashe. Agashen nan tsirenmu ne, nama da garin gyaɗa da yaji, Hausawa suka kai shi, sunan ma bai buƙatar tafinta. Matar Kawu ita ke shan wahala, tukunya uku a wannan zafin.

Wata safiya ta raka ni kasuwar Umdurman. Muka ratsa layin masu zinariya, muka shiga na 'yan turare inda ƙamshi ke bin mutum har cikin mayafi, muka wuce buhunan zoɓo da tsamiya da 'ya'yan kuka, waɗanda su suke kira karkade, aradeb da gongoles. Da na gama cinikina sai ta tsaya gaban mai kayan miya, ta zaɓi baƙin yalo manya guda uku. Aswad suke ce masa, wato baƙi. Ta duba masu sheƙi, masu nauyi a hannu, waɗanda fatarsu ba ta yamutse ba.

"Inna, wa zai ci gauta a gidan nan?" na tambaye ta.

Ta yi dariya. "Ke dai zuba ido, 'yar nan."

Yawancin gidaje soya yalon suke yi in za su haɗa salatat aswad. Ita saboda Kawu sai ta koma gashi. Ta hura gawayi a kanun, wato kurfoti, ta bari ya zama garwashi. Ta caccaka kowane yalo da cokali mai yatsu don kada ya fashe, ta ɗora kai tsaye a wuta tana juyawa. Wajen minti 20 fatar ta ƙone ƙurmus, cikin ya saki ya yi laushi. A gefe ta gasa tumatir biyu, albasa ɗaya da ɓawonta, da koren tattasai. Ta kwashe duka a kwano ta rufe minti 10, tururin ya sa ɓawon ya saɓule da yatsa. Na ɗauko ruwa zan ɗauraye, ta riƙe min hannu.

"Kul! In kin wanke, kin zubar da ƙamshin hayaƙin, shi ne daɗin."

Ta bar yalon a matsami ruwansa mai ɗaci ya tsane, sannan ta daddatsa komai. A wani kwano ta zuba cokali uku na dakwa, niƙaƙƙiyar gyaɗa irin tunkuzarmu wadda ba a matse mai ba. Ta matse lemon tsami uku, ta ƙara ɗan ruwa da dakakkiyar tafarnuwa, ta dama har ya yi kaurin kindirmo. Gishiri ɗan kaɗan saboda mai gida. Ta juye ta cakuɗa, ta yayyafa man riɗi, ta yanka kokwamba a kai. Yaji kuwa, shaɗɗa, a ƙaramin kwano daban, mai so ya ɗiba. Ba a ci da zafi, sai da ta ajiye shi a inuwa kusa da randa ya huce.

Da aka kawo tire Kaka ta harari kwanon, ta lakato da yatsa ɗaya ta kai baki. Ta yi shiru. Sai ta ce, "Yo wannan ai kwaɗo ne! Kwaɗo ne ya sa rawani."

Wallahi gaskiyarta. Abin da muke yi wa zogale da rama da ƙuli-ƙuli, shi suke yi wa yalo da dakwa. Ita ta ji gida kuma ba ta nemi haƙori ba. Yara suka ji gyaɗa da hayaƙin gawayi irin na mai agashe, suka dinga dangwala da burodi. Ƙaramar cikinsu ta tambaya, "Habboba, mene ne kwaɗo?" Ranar tsohuwa ta yi awa guda tana ba su labarin lambun gidansu na ƙuruciya, da Hausa, suna saurare.

Ban san wannan ne zamana na ƙarshe a tsakar gidan ba. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Kartum. Kasuwar da nake saro kaya ta sha wuta da wawaso. Kaka Allah ya yi mata rasuwa kafin nan, bai nuna mata ba. Kawu da Inna suka nufi Gadarif, 'yan matan biyu aka turo min su Kano.

Sati biyu ƙaramar ba ta cin abin kirki, in an zuba tuwo sai hawaye. Na tafi 'Yankaba na samo baƙin yalo, na hura gawayi, na kai gyaɗa inji. Tun daga ɗaki ta jiyo ƙaurin ta fito, ta tsuguna gefen kurfoti ta karɓi juyawa. Da na miƙa hannu wajen buta sai ta ce, da Hausarta mai karyewa, "Anti, kar ki wanke."

'Yan uwa matafiya, in kun ɗauko yara kun kai su ƙasar da ba tasu ba, ko kun dawo da su gida suna baƙunta, ku duba abin da tukunyar can da ta nan suka yi tarayya a kai, ku fara daga nan. Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ya mayar da kowa ɗakinsa.