Rana Mai Awa Bakwai da Rabi

Ƙarfe shida na asuba a birnin Manchester, a tsakiyar Disamba, dare ne tsagwaronsa. Babu ladani, babu carar zakara, babu ƙarar tsintsiyar maƙwabta. Wayar da ke ƙarƙashin matashin kai ce kaɗai ke tashin ɗalibar nan 'yar Zariya, wadda ta je Ingila yin digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma. Bayan ta yi sallah a ɗan sararin da ke tsakanin gado da teburin karatu, sai ta buɗe kwamfuta. Akwai rubutu mai kalma 3,000 da za ta miƙa ranar Juma'a, ga shi Laraba ta yi, 1,100 kawai ke ƙasa. Rana kuwa ba za ta fito ba sai bayan takwas da kwata, idan ma gajimare ya ƙyale ta.

A gida, da an ce wance tana karatu a Turai, hoton da ta ɗauka cikin dusar ƙanƙara ne ke zuwa zuciyar mutane. Idan ta ce ta gaji, sai a ɗauka littafi ne ya gajiyar da ita. Alhali karatun shi ne mafi sauƙin abin da ke wuyanta. Abin da ke cin ta lissafi ne, na lokaci da na kuɗi, wanda take farawa tun kafin ta sa takalmi.

Na lokacin ya fi ban mamaki ga wanda ya tashi a inda dare da rana ba su cika zarce juna ba. A wannan wata, tsakanin fitowar rana da faɗuwarta a Manchester awa bakwai da rabi ne kacal. Azahar na shiga jim kaɗan bayan sha biyu, la'asar kafin ƙarfe biyu, magariba kafin huɗu. Salloli uku ke nan a cunkushe cikin awa huɗu, a daidai lokacin da laccoci suka fi yawa. Shi ya sa take fita daga aji da sauri ta nufi ɗakin sallar jami'a, ta tuɓe rigar sanyi da safa, ta yi alwala, ta koma ajin tattaunawa hannayenta ba su gama bushewa ba. A can malami ba ya son a maimaita masa abin da ya faɗa. Tambayarsa kullum ita ce, ke me kika gani? Ga wadda aka horar tun firamare cewa ladabi shi ne yin shiru gaban malami, jayayya da shi, cikin Turancin da ake haɗiye rabin haruffansa, aiki ne mai zaman kansa.

Abincin rana ba ya ɗaukar minti goma: shinkafa da miyar da ta dafa tun Lahadi ta rarraba a robobi, da ɗan yajin da mahaifiyarta ta daka mata, wanda take barbaɗawa da tsumulmula kamar magani.

Lissafin kuɗin ne ya fi nauyi. Lokacin da iyalinta suka fara shirin wannan tafiya, ɗalibi na iya samun fam ta banki a farashin gwamnati, ƙasa da naira 600. A Yunin 2023 aka sakar wa naira mara, kuma a cikin 2024 fam ɗaya ya riƙa shawagi a kusa da naira 2,000. Jami'a ba ta ƙara ko sisi a kuɗin makaranta ba, amma filin da mahaifinta ya sayar, wanda aka yi zaton zai biya komai har da canji, bai kai ga kashi na ƙarshe ba. Wannan kashi a Janairu za a biya shi, kuma wanda ya gaza biya yana iya rasa rajistarsa, bizarsa ta bi baya.

Saboda haka da magariba, maimakon ɗakin karatu, sai ta bi layin bas a titin Oxford, ta biya fam biyu, ta nufi wani gidan kula da tsofaffi a bayan gari. Bizar ɗalibi ta yarje mata aikin awa 20 a mako muddin ana zangon karatu, kuma ba a yin rance daga makon gaba. A mafi ƙarancin albashi na ƙarshen 2024, wato fam 11.44 a awa, abin da za ta samu bai kai fam 230 ba, hayar ɗakinta kuma ta lashe fiye da rabi. Daga biyar zuwa goma tana tsaye: ta ɗaga wannan, ta canza wa waccan zanin gado, ta ba wata tsohuwa abinci a baki, tsohuwar da ke tambayar sunanta kowane dare kamar yau suka fara haɗuwa. Ba ta raina aikin. Ta yi jinyar kakarta a gida, ta san ladansa. Sai dai a can akwai ƙanne da matan yayye da ake karɓa-karɓa da su, akwai mai ɗora tukunya, akwai mai aike. A nan ita ce mai cefane, ita ce mai girki da wanki, ita ce ɗalibar, ita ce kuma mai neman kuɗin.

Akwai awa ɗaya da ta fi sauran ciwo. Tun daga Janairun 2024 Birtaniya ta hana masu irin digirinta, wanda ba na bincike zalla ba, tafiya da iyali, don haka 'yarta mai shekara biyu da rabi tana Zariya wurin kakarta. A lokacin sanyi Najeriya na gaban Ingila da awa ɗaya. Ƙarfe takwas da ake shimfiɗe yarinyar, ƙarfe bakwai ne a Manchester, lokacin da wayar uwar ke kulle cikin akwatin ma'aikata.

Sai a bas ɗin dawowa take sauraron saƙon murya. “'Yar nan,” in ji mahaifiyar, wadda ba ta kama sunan 'yar fari, “mun kira ba ki ɗauka ba. Mutuniyar taki ta yi ta nuna waya har barci ya kwashe ta. Kina dai cin abinci ko?” Ta danna ta riƙe, ta gyara murya don kada gajiya ta fito. “Lafiya lau nake, Umma. Na ci. Karatu ne ya ɗan yi yawa. A gaida Baba.” Ba ta ambaci Janairu ba.

Sha ɗaya saura ta isa ɗaki, ta yi isha'i, ƙafafunta na zugi. Ta buɗe kwamfuta ta ƙara kalma 200, ta karanta su, ta goge 60. Sannan ta saita ƙararrawa biyar da rabi, domin ƙarfe shida da rabi ke nan a Zariya, lokacin da ake ɗumama tuwo kuma yarinyar ta farka.