Magana Zarar Bunu: Mu da Umarnin Gogewa

Mu da muka tashi a Ƙofar Mata, kusa da marinar da ake cewa an kafa ta tun 1498, mun san wani abu tun muna yara: farin ƙyallen da ya shiga karofi ba ya komawa fari. Shi ya sa marini ba ya gaggawa. Sai ya ɗaure duk inda ba ya son baba ya taɓa, ya sake dubawa, sannan ya tsoma.

Wannan tarbiyya ce muke son 'yan'uwa marubuta su riƙe, yanzu da rubuce-rubucenmu suka bar littafin makaranta suka koma cikin kwamfuta. Da yawanmu mun saba da kwandon shara na Windows, inda abin da aka goge yake zama har mai shi ya canza shawara. To amma akwai wata ƙofa, wato baƙin allon nan da ake rubuta wa na'ura umarni kai tsaye. Abin da aka goge ta nan ba ya biyawa ta kwandon.

A tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a Amurka a 1969, da magajinsa Linux, umarnin gogewa haruffa biyu ne: rm. Idan ka rubuta rm da sunan fayil, ya tafi. Umarnin rmdir yana cire folda ne kawai idan babu komai cikinta. Amma rm -r yana shiga folda ya share ta da 'ya'yanta da jikokinta, idan kuma aka ƙara -f ba zai tambaye ka komai ba. A Windows takwarorinsu su ne del da rd /s.

Haɗarin yana cikin ƙaramin abu. Alamar tauraro tana nufin "kowane suna". Wanda ya rubuta rm *.bak zai goge tsofaffin kwafi kaɗai. Wanda yatsansa ya saka tazara ɗaya tsakanin tauraron da ɗigon, ya ba da umarnin a goge duk fayilolin da ke foldar, har da labarin da ya shekara uku yana rubutawa.

Kada a ɗauka 'yan koyo kaɗai abin ke ci. A 1998 irin wannan umarni ya share kusan kashi 90 cikin 100 na aikin fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar, kwafin ajiyarsu kuma ya ƙi aiki. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciya mai jego da ke da kwafi a kwamfutarta ta gida.

Gaskiya ne gogewa takan cire sunan fayil ne daga rajista, rubutun kuma ya saura a faifai har wani ya hau kansa. Don haka wanda tsautsayi ya afka wa, ya daina aiki da na'urar nan take, ya nemi masani. Sai dai rigakafi ya fi magani. Kafin ka goge, rubuta pwd ka san inda kake tsaye, ka rubuta ls ka ga abin da ke gabanka, ka yi amfani da rm -i domin a tambaye ka ɗaya bayan ɗaya. Kwafi kuwa ya zama biyu, a wurare biyu.

Marubuci ba ya rabuwa da gogewa, domin tace rubutu rabin aikinsa ne. Amma tsohon daftarin da muke rainawa yau, shi ne ɗalibin adabi zai nema gobe don ya ga yadda labari ya girma. Masu iya magana sun ce magana zarar bunu ce. Umarnin da aka danna wa kwamfuta ma haka yake. Allah Ya tsare mana alƙalumanmu, amin.