Malam da Tabar da Ya Tsana

A unguwar Birni, bayan fadar Sarkin Damagaram, inda manyan duwatsu ke riƙe zafin rana har bayan isha'i, akwai wani tsohon malamin makaranta da ya shafe shekarun aikinsa yana yaƙi da tabar wiwi. Duk ɗalibin da ya shigo aji da jajayen idanu, kafin magariba Malam ya kai ƙararsa gaban mahaifinsa. Kuma ba a banza ba, domin ya ga samarin da ya koya wa karatu sun ƙare a bakin kwalbati, hankali ya gushe.

Sai ga shi bayan ya yi ritaya, sankarar mama ta kama uwargidansa. Suka yi tafiyar kilomita kusan 900 zuwa Yamai, suka dawo da jawabin da kowa ya san ma'anarsa: a koma gida a yi ta addu'a. Abin da ba a faɗa musu ba shi ne yadda dare zai riƙa kasancewa. Matar da ta haifi bakwai ba a ji muryarta ba, ita ce yanzu take cizon zane don kada maƙwabta su ji. An rubuta mata morfin, Malam ya zaga kantunan magani da takardar a hannu, ko'ina sai a ce babu. Abin takaici, a hanyarsa ta komowa yakan wuce masu tallar taramol a kan faranti, suna sayar wa duk yaron da ya miƙo kuɗi.

Wata rana babban ɗansa ya durƙusa ya ce, "Baba, na ji a wasu ƙasashe ana tace magani daga wiwi, likitoci na ba masu irin ciwon Inna." Malam ya daka masa tsawa, ya ce muddin yana raye ba a gidansa ba. Daga cikin ɗaki uwargida ta ce, "Malam, ka ƙyale yaro, tausayina yake ji."

Maganar nan ce ta hana shi sukuni, har ya koma ga abin da ya iya, wato karatu. Ya tarar cewa ranar 2 ga Disamba 2020, a birnin Biyana, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta cire wiwi daga jerin mafi tsanani na yarjejeniyar 1961, da ƙuri'a 27 a kan 25, ko da yake ba ta sake shi sakaka ba. Lesoto ta fara ba da lasisin nomansa don magani a 2017, Maroko ta yi doka a 2021, Amurka kuwa ta amince da wani magani daga cikinsa a 2018 don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar magani. Ya kuma gane abin da ɗansa bai sani ba: wiwi ba ya warkar da sankara, kuma ga azaba irin ta matarsa bai kama ƙafar morfin ba. Amfaninsa na nan wajen tashin zuciya da amai da magungunan sankara ke haddasawa, da wasu raɗaɗin jijiyoyi. Ƙaramin amfani ne, amma wanda ya kwana yana riƙe wa majiyyaci kwano ba zai raina shi ba.

Nan Malam ya ga inda gizo ke saƙa. Dokar Nijar ta 1999 an yi ta ne domin mai fataucin ƙwaya, kuma tana da aikin yi, tunda a Maris 2021 an kama tan 17 na ƙullin wiwi a Yamai. Sai dai tsoron da ya haifi irin wannan doka ya bi likita har ofishinsa, ya bi mai kantin magani, kowa na gudun abin da zai jawo masa tuhuma. Mai fatauci bai rasa hanya ba. Majiyyaci ne ya rasa. Alhali Yuganda, wadda ba ta fi ƙarfin misali ba, tun 1993 Dokta Anne Merriman ta fara haɗa morfin na ruwa mai araha, a 2004 kuma aka ba ma'aikatan jinya masu horo izinin rubuta shi, don ya isa ƙauye. Abin da Malam ke nema ke nan da farko. Bayansa sai a buɗe ƙofa a cikin doka ga magungunan da aka tace daga wiwi, a hannun likita, da awo, da farashin da mai fansho zai iya, domin maganin da sai an sayar da gona kafin a saye shi, sunansa kawai ya zo.

Uwargida ta rasu kafin saukar damina. Bayan sadakar arba'in, Malam ya rubuta waɗannan buƙatu a shafi biyu, ya karanta wa abokansa tsofaffin malamai a inda suke taruwa da la'asar. Aka yi tsit. Can wani da suka yi aiki tare ya ce, "Malam, yau kai ne da wannan magana?" Ya ce shi ne, kuma gobe in ya ga yaro da jan ido zai kai ƙararsa kamar yadda ya saba. Ya miƙa takardar da alƙalami. Mutum huɗu suka sa hannu, sauran suka ce sai sun tambayi liman.